Da'irori Biyar, Asusu Ɗaya: Mulkin Birnin Damagaram da Taswirar Zaɓensa

 

Ran 4 ga Afrilun 2024 Janar Abdurrahman Tiani ya sa hannu kan dokar da ta rushe dukan majalisun da jama'a suka zaɓa a jihohi da birane da ƙananan hukumomin Nijar. A Damagaram abin ya shafi majalisar jiha, da majalisar birni, da majalisun da'irori biyar da birnin ya kasu. Tun daga lokacin, kantomomin da gwamnati ta naɗa ne ke tafiyar da ma'aikatun magajin gari. A Maris 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya.

Yanzu da akwatunan zaɓe ke ajiye, babu ganga, babu tuta, babu mai neman a tafa masa, lokaci ne mai kyau na zama a duba tsarin a tsanake. Wa ya shata iyakokin da'irorin nan biyar? Wane iko aka ba su, wane aka hana su? Ƙuri'ar da mutumin Birni ko na Zango ya jefa, ina take zuwa, me take haifarwa? Abin da wannan lacca za ta nuna shi ne, da'ira ce hukumar da ta fi kusa da ƙofar gidan talaka, amma an ba ta majalisa da magajin gari an hana ta asusu, su kuma masu zaɓe idonsu ya fi karkata Yamai.

Birni da Zango

Damagaram ba ta jira Bature ya zo da ma'auni kafin ta san rabon unguwanni ba. A ƙarni na 19 garuruwa biyu ne ke kallon juna. Akwai Birni, mazaunin sarki da fadawa da malamai da alƙali, wanda Sarki Tanimun ɗan Sulaiman ya kewaye da ganuwa a tsakiyar ƙarnin, zamanin da ake ƙera igwa a cikin garin. Akwai kuma Zango daga arewa, masaukin ayarin raƙuman Azbin da fataken da ke kai fatu da gashin jimina da bayi Tarabulus, su dawo da tufafi da takarda da makamai. Can ne attajirai irin su Malam Yaro suka yi gidajensu, kuma har yau baƙi na zuwa kallon manyan soraye masu zane da fatauci ya gina a unguwar. Sarki yana kai gaisuwa Kukawa wurin Shehun Borno, kuma sarautun fadarsa irin na Barebari ne: Ciroma, Galadima, Kaigama, Bellama. Marigayi Farfesa André Salifou, ɗan garin, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin wannan daula a littafin da ya fitar a 1971.

A ƙarƙashin wannan duka akwai mai unguwa. Shi ya san gidan da aka yi haihuwa, da gidan da baƙo ya sauka, da katangar da ta ci hanya.

A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a garin, zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga. Shekara na zagayowa sojojin Faransa suka ci yaƙin Tirmini a Yulin 1899 suka shigo. A 1906 suka tuɓe Sarki Ahmadu ɗan Bassa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Kodebuwa, suka bar riƙon gari a hannun Bellama. Sai 1923 gidan sarauta ya dawo kan karaga da Barma Mustafa. Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce hedikwatar ƙasar Nijar, kafin a ɗauke ta zuwa Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka kawo. A wannan zamani ne gari na uku ya tsiro tsakanin Birni da Zango, garin bariki da ofisoshi da kantuna, sannan Sabon Gari da sauran sababbin unguwanni suka biyo baya.

Daga nan birnin ya gaji tsani biyu na iko. Ɗaya ya tashi daga maigida zuwa mai unguwa zuwa fada. Ɗayan ya sauko daga gwamna zuwa kwamanda zuwa ma'aikacin ofis. 'Yancin kai na 1960 bai rushe ko ɗaya ba. Dokar 1964 ta raba ƙasar manyan yankuna bakwai, Damagaram na ciki, kuma shekaru da dama bayan haka gwamnatin Yamai ce ke naɗa wanda zai riƙe ma'aikatar magajin gari.

Yadda aka haifi da'irori biyar

Tsani na uku, na zaɓe, ya daɗe a hanya. Babban taron ƙasa na 1991 ya nemi a kusanto da mulki ga jama'a. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995 da 'yan tawayen arewa ta maimaita alƙawarin. An gwada zaɓen ƙananan hukumomi a Fabrairun 1999 zamanin Ibrahim Ba'are Mainasara, ya ƙare cikin rikici, kuma bayan kisan shugaban a watan Afrilu aka soke sakamakon.

Dokar 11 ga Yunin 2002 ce ta ƙirƙiro ƙananan hukumomi 265, 52 na birni, 213 na karkara. Manyan birane huɗu, Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram, aka raba su gida-gida aka ɗora musu hukumar haɗin gwiwa a sama. Damagaram ta sami biyar, waɗanda mutanen gari ke kira kwamin ta ɗaya zuwa ta biyar. Ran 24 ga Yulin 2004 aka zaɓi kansilolinsu. A wancan tsari kowace kwamin cikakkiyar hukuma ce, tana da kasafin kuɗinta, tana karɓar harajinta, tana iya ƙulla yarjejeniya da sunanta. Matsalar da ta taso ita ce ta rabon aiki da rabon kuɗi tsakaninsu da hukumar sama: wa ke da kuɗin babbar kasuwa, wa zai kwashe sharar titin da ya ratsa kwamin biyu, wa ke da ikon yanka filaye.

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salu Jibo ta warware ƙullin da dokokin 17 ga Satumban 2010. Biranen huɗu suka zama ƙananan hukumomi masu matsayi na musamman, kowanne hukuma guda, da majalisar birni da shugabanta, wanda shi ne babban magajin gari. Tsofaffin kwamin suka koma da'irori: biyar a Yamai, biyar a Damagaram, uku a Maraɗi, biyu a Tawa, jimla 15. Kowace da'ira ta riƙe majalisarta da magajin garinta, amma a idon doka ta daina zama hukuma mai cin gashin kanta. Reshe ce ta birni. Ikon da take aiki da shi birni ne ya ara mata, kuɗin da take kashewa birni ne ya ware mata. Abin ya zama kamar gidan gandu: 'ya'ya biyar, kowa da ɗakinsa da iyalinsa, rumbu ɗaya, mabuɗi a aljihun maigida.

Tsarin ba a Nijar aka ƙago shi ba. Ya yi kama da dokar 1982 ta Faransa, wadda ta ba da'irorin Paris da Lyon da Marseille majalisu da magadan gari, ta bar babban asusu a hannun birni. Kano kuwa ta bi wata hanya dabam. Cikin birni da kewaye akwai Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso, Ungogo da ƙaramar hukumar Birni, kowacce da shugabanta da kasonta na asusun tarayya, amma babu magajin gari guda da zai yi wa birnin tsari ɗaya, sai gwamnatin jiha. Ko can sai da Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Kano na da asusu da yawa ba shugaba guda. Damagaram na da shugaba guda, rassansa na jiran abin da ya ba su. Kowane tsari da ribarsa da hasararsa.

Abin da taswira ke faɗa

Ƙidayar 1977 ta sami mutum kusan 54,000 a Damagaram. Ta 1988 ta sami kusan 120,000, ta 2001 kusan 170,000. A ƙidayar 2012 da'irorin biyar gaba ɗaya na da mutum 322,935, amma waɗanda ke cikin garin kansa kusan 235,000 ne. Sauran, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu, mutanen ƙauyuka da rugage ne da iyakar birni ta haɗa da su.

Wannan lissafi na da nauyi, domin da'irorin ba iri ɗaya ba ne. Ta ɗaya ta ƙunshi Birni da fada da lungunan da mota ba ta shiga. Ta biyar, ta wajen Babban Tapki, ƙasar noma da lambu ce. Magajin garinta na fama da rikicin manomi da makiyayi, da burtali, da rijiya, da takin zamani, yayin da takwaransa na tsakiyar gari ke fama da kwata da shara da 'yan tireda da 'yan kabu-kabu. Dukansu kuwa daga asusu ɗaya suke jiran kaso, a majalisar da mazauna cikin gari suka fi yawa.

Gari na ci gaba da cin gonaki. Duk inda aka yi rabon filaye, lotisma kamar yadda ake faɗa a ofis, gonar gado ta koma karre mai lamba, manomi ya koma maƙwabcin ma'aikaci, mai gari ya wayi gari ƙauyensa ya zama unguwa. Sayar da filaye na daga cikin hanyoyin da biranen Nijar suka fi dogara da su wajen samun kuɗi a hannu, shi ya sa jaraba ce babba ga duk mai riƙe da asusun da babu kome ciki. Filin da aka sayar yau domin biyan albashi, gobe shi ne unguwar da za ta zo neman lakwal da asibiti da famfo da hanya.

Akwai kuma abubuwan da rayuwar birnin ta rataya a kansu amma suna wajen iyakarsa. Garin na zaune a kan dutse, ƙasarsa ba ta riƙe ruwa. Ruwan da ake sha daga nesa ake jawo shi: Gogo da Machaya a kudu, Arunguza da Ganaram a arewa. Rijiyoyin da bututun na kamfanin ƙasa ne, SPEN, mai hedikwata a Yamai. Matatar man SORAZ, da aka buɗe a Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, tana ɗauke da sunan Zinder, wato Damagaram, amma tana ƙaramar hukumar Ollelewa ne cikin gundumar Tanut, kusan kilomita 50 daga gari.

A tsaya a bakin famfon unguwa a watan Afrilu. Tun kafin kiran assalatu an jera bido-bido masu ruwan ɗorawa, layi ya zagaye kwana. Ɗan ga-ruwa ya jingina kurarsa yana gyangyaɗi, yarinya 'yar lakwal na zaune kan bokitinta da littafi a cinya. Idan ruwa ya zo, ya zo siriri. Idan ya ɗauke, farashin bido ya tashi kafin hantsi. Da rai ya ɓaci, ƙofar da ake nufa ita ce ta magajin garin da'ira, domin shi ne hukumar da ake gani, shi aka gani a jana'iza jiya. Shi kuwa ba shi da mabuɗin bututu, ba shi da kuɗin tanka. Abin da ke hannunsa ya ɗauki waya ya roƙa.

Aikin da ke hannun da'ira

Duk da haka, kada a raina abin da ke gudana a wannan ƙaramin ofis. A nan ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Uwar da ta haihu a gida, ba a sanar da hukuma cikin wa'adi ba, ba za ta gane girman abin ba sai ranar da ɗanta ya kai jarrabawar BEPC aka ce ya kawo takardar haihuwa. Daga nan sai hanyar kotu, da shaidu, da kuɗin tambari, da jira. Yaron da ba shi da wannan takarda zai sha wahalar samun katin ɗan ƙasa, kuma ranar rajistar masu zaɓe zai sake cin karo da ita. Lokacin da aka yi rajistar zamani ta 2020, wadda ta tattara masu zaɓe kusan miliyan 7.4 a ƙasar, sai da aka riƙa fita da alƙalai unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye ana yi wa mutane takardu. Taswirar zaɓe daga teburin magatakardan haihuwa take farawa.

Sai haraji. Lanhon da baligi ke biya a shekara, mai unguwa ne ke bi gida-gida da littafinsa yana karɓa, yana da ladansa a ciki. Tikitin kasuwar Dole, da na tasha, da na mahauta, da fatanti, su ne jinin asusun birni. A nan tsanin fada da tsanin zaɓe suke haɗuwa. Doka ta ba sarakuna da 'yan majalisar dokoki kujera a majalisun ƙananan hukumomi, su ba da shawara amma ba su jefa ƙuri'a. Dokar sarautun gargajiya ta 2015 ta tabbatar musu da aikin sulhu kan gona da gado da aure, ta kuma nisanta su da siyasar jam'iyya. Magajin gari na zuwa ya wuce, mai unguwa na nan. Wanda ya nemi ya yi aiki a Birni ko Garin Malam ba tare da shi ba, ko allurar rigakafi ba za ta shiga gida ba.

A Janairun 2016 gwamnati ta fitar da dokokin miƙa wa ƙananan hukumomi da jihohi iko a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Tun 2008 ma an kafa hukumar ANFICT domin tallafa musu da kuɗi. Koken da magadan gari suka riƙa yi shi ne aikin ya iso, kuɗin ya makara a hanya. Damina ta 2024 ta nuna abin da rashin magudanan ruwa da rashin kula da tsofaffin gine-gine ke jawowa: gidaje da dama sun zube, kuma ran 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni na ƙarni na 19 ya rushe a idon jama'a.

Inda ƙuri'a ke zuwa

A zaɓukan da aka yi kafin a ajiye akwatunan, rumfar mafi yawa ajin lakwal ce. An ture tebura gefe, an ajiye akwati mai haske a tsakiya, wakilan jam'iyyu na zaune a benci kowa da takardarsa. Mai zaɓe ya nuna kati, ya shiga bayan labule, ya fito ya jefa, a tsoma masa yatsa a tawada. Da yamma a zazzage akwatin a gaban kowa, wani na ɗaga takarda yana faɗar sunan jam'iyya, wani na jan layi da alli a allo, biyar-biyar, fitila a hannun yaro. Abin da ya fito a wannan allo shi ke tafiya hukumar zaɓe ta CENI.

Amma a zaɓen kansiloli ba mutum ake zaɓa ba, jerin sunaye ake zaɓa. Kowace jam'iyya na kawo jerinta na da'ira gaba ɗaya, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowacce ta samu. A ɗauka wata da'ira na da kujeru 11. Jam'iyya ta farko ta sami kashi 45 cikin ɗari, ta biyu 35, ta uku 20. Kujerun za su rabu 5 da 4 da 2. Kansilolin nan ne za su zaɓi magajin gari daga cikinsu. Idan ta biyu da ta uku suka haɗa kai, suna da 6, wadda ta zo ta ɗaya ta tashi hannu wofi. Shi ya sa kwanakin da ke tsakanin zaɓe da zaman farko na majalisa suka fi ranar zaɓen kanta zafi, kuma sau da yawa ƙawancen da shugabannin jam'iyyu suka ƙulla a Yamai ne ke yanke hukunci. Magajin garin da aka ɗora haka yana kwana da ido ɗaya, domin kansiloli na iya kaɗa masa ƙuri'ar yanke ƙauna, gwamnati ma na iya tuɓe shi, kamar yadda aka yi wa magadan garin Yamai a 2013 da 2017.

Wannan tsari na da alheri. Ƙananan jam'iyyu na samun wakilci, kuma ta hanyarsa ne dokar kason mata ke aiki: kashi 10 cikin ɗari a 2000, 15 a 2014, 25 a 2019. Yana da illa kuma. Kansila ba shi da unguwar da za ta ce nata ne ita kaɗai, saɓanin Najeriya inda kowace mazaɓa ke da kansilanta. Jam'iyya ce ke da ta cewa kan wanda zai hau kujera daga jerinta, don haka biyayyarsa ta fi karkata ga uwar jam'iyya. Unguwar da ke da attajirai da 'yan boko na iya samun kansiloli uku, wadda ba ta da su ta tashi babu ko ɗaya. Kara-Kara, da aka fara zaunar da kutare a gefen gari, wadda 'yar garin Aicha Macky ta nuna wa duniya rayuwar samarinta a fim ɗinta na 2021, misali ce ta unguwar da ake tunawa da ita lokacin neman masu cika taro. Babu abin da ke cikin tsarin da ya tilasta a ba irinta kujera.

A matakin ƙasa nisan ya ƙaru. A majalisar dokoki mai kujeru 171 da aka zaɓa a 2016 da 2020, jiha ce mazaɓa. Jihar Damagaram, wadda ƙidayar 2012 ta nuna ta fi kowace jiha yawan jama'a da mutum sama da miliyan 3.5, tana da kujeru 32 a jeri ɗaya, sai kujera guda ta mazaɓa ta musamman a Tasker. Jihar ta haɗa birni da gundumomi goma: Mirya, Magarya, Kance, Gure, Tanut, Dungas, Takeita, Belbeji, Damagaram Takaya da Tasker. Ma'ana, babu ɗan majalisar da doka ta ce na birnin Damagaram ne, balle na da'ira ta uku ko ta huɗu. Zaɓaɓɓen da iyakarsa ta yi daidai da unguwannin mutum shi ne kansila.

Duk da haka zuciyar masu zaɓen garin ta fi bugawa a zaɓen shugaban ƙasa, kuma tarihi ya ba da dalili. Garin da aka ɗauke wa hedikwata, wanda ya ba jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari goyon baya mai ƙarfi kafin a haramta ta a 1959, ya daɗe yana jin an bar shi baya. A Maris 1993 ɗansa Mahaman Usman na CDS-Rahama ya zama shugaban ƙasa na farko da aka zaɓa a takarar jam'iyyu da yawa, aka kifar da shi ran 27 ga Janairun 1996, ya shugabanci majalisar dokoki daga 1999 zuwa 2009, kuma birnin ya ci gaba da zama tungarsa har bayan da ya koma jam'iyyar RDR-Canji. A zagaye na biyu na 21 ga Fabrairun 2021, 'yan takarar biyu duk suna da tushe a jihar: Mahaman Usman ɗan birni, da Muhammad Bazum wanda ya sha wakiltar Tasker a majalisa, ya kuma yi karatu a lise Ahmadu Kuran Daga. Irin wannan shauƙi yakan bi mutane har rumfar zaɓen kansila, su dangwala wa launi da hoton jagora ba tare da sun tambayi su wane ne a jerin ba.

Shi kansa zaɓen kansilolin bai zo a kan kari ba. Cikin shekara 20, daga 2004 zuwa 2024, sau uku aka yi shi: Yulin 2004, da 11 ga Janairun 2011, da 13 ga Disamban 2020. Kansilolin 2011, da aka zaɓa domin shekara biyar, sun kusa goma a kan kujera saboda ɗage zaɓe da ƙarin wa'adi. Na 2020 ba su cika huɗu ba. Hukumar da ake ɗage zaɓenta ko a rushe ta haka ba ta samun sararin koyon aiki, jama'a ma ba su samun sararin koyon tuhumarta.

Abin da ya kamata a gyara

Ranar da za a sake rubuta dokokin ƙananan hukumomi, akwai abubuwa huɗu da mutanen Damagaram ya dace su kai gaban masu rubutu. Na farko, a ƙayyade wa kowace da'ira kaso sananne daga kuɗin da birni ke tarawa, bisa yawan jama'a da faɗin ƙasa da buƙata, a daina barin shi ga ganin damar wanda ke sama. Na biyu, a sake duba iyakokin da aka shata tun 2002 da sabuwar ƙidaya a hannu, domin garin da aka raba wancan lokaci ba shi ne na yau ba. Na uku, a nemi hanyar da kowace babbar unguwa da kowane rukunin ƙauyuka za su sami kansilan da suka san ƙofar gidansa, ba tare da an zubar da kason mata ba. Na huɗu, a sa ranar zaɓen ƙananan hukumomi a doka ta yadda ɗage shi zai yi wuya.

Akwai kuma abin da ba ya jiran doka. Ko kantoma ne a ofis ko zaɓaɓɓe, kuɗin da ke shiga asusun birni na jama'a ne, kuma mai biyan lanho na da haƙƙin sanin inda ya tafi. Kira ga malaman jami'a da ɗalibansu su tattara kasafin birnin na shekarun baya su fassara shi da Hausa. Kira ga gidajen rediyon gari su riƙa karanta shi, su gayyaci masu riƙe da ofis su amsa tambayoyi. Kira ga masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin mata su tsaya kan takardar haihuwar kowane jariri tun ranar suna. Kira ga samarin majalisun hira da ake kira fada su san da'irar da suke ciki, da inda ofishinta yake, da wanda ke zaune a cikinsa, su je da buƙatun unguwarsu a rubuce.

Allah ya ba Damagaram ruwa da zaman lafiya da shugabanni masu amana.